Malam Me-Aka-Tambaya da Tankin da Ke Yoyo

Da zarar rana ta yi sanyi, za ka ga dattijon ya ɗaga ƙofar garejin da ke ƙarshen layinmu. Babu mota a ciki, sai bencina da wani allon katako da ya sha baƙin fenti har ya gaji. Zai kaɗe bencinan da tsumma, ya jera gutsattsarin alli a bakin taga, ya zauna a kujerarsa ta roba yana jiran yara su taso daga makaranta. Tun da ya ajiye aikin koyarwa haka yake yi, yana shirya 'yan aji shida don jarrabawar shiga sakandare. Abu ɗaya yake koyarwa, lissafin nan da ake kawowa cikin labari. Yara na kiransa Malam Me-Aka-Tambaya, domin maganar ba ta barin bakinsa. Ƙarshen watan nan zai rufe garejin. Idanunsa sun yi rauni, babban ɗansa zai ɗauke shi ya koma wajensa. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani, ko da yake har yau ban gama gane kansa ba.

Ni mai gyaran famfo ne, karatuna bai yi nisa ba. 'Yata ta fari ta rubuta jarrabawar makarantar kimiyya ta 'yan mata bara, lissafi ya kayar da ita. Bana ce damarta ta ƙarshe, don shekarunta za su wuce ƙa'ida. Abin da ya ɗaure min kai, yarinyar ta iya lissafi. Ka ba ta tarawa ko rabawa, kafin ka rufe baki ta gama. Amma da an ce "wani manomi yana da gona," sai ta daskare. Ta tsinto lambobin da ke cikin labarin, ta tara ko ta ɗebe, ta ja layi.

Wata rana ta karanta min ɗaya. Famfo yana cika tanki cikin awa huɗu, wani rami a gindin tankin yana zubar da ruwan duka cikin awa shida, yaushe tankin zai cika? Na ce, "Wane mara hankali ne zai buɗe famfo alhali tanki na yoyo? A toshe ramin tukuna." Ashe ta riƙe. Haka ta rubuta a gwajin aji, malamarsu ta aiko tambayar ko lafiya. Uwarta ta ce min, "Baban yara, don Allah ka tsaya a kan fayif ɗinka." Ita ce ta kama hannun yarinyar ta kai ta garejin.

Makonni suka wuce ban ga alamar lissafi ba, sai zane-zanen akwatuna da layuka. Na tambaye ta me suke yi a can, ta ce, "Labari muke bayarwa, Baba." Mai askin da shagonsa ke kallon garejin ya ƙara tayar min da hankali.

"Jiya 'yarka mota ce," in ji shi.

"Mota kuma?"

"Wallahi. Dattijon ya tsayar da ita a can ƙarshen layi, ya tsayar da wata a nan. Ita tana taku biyu, waccan tana ɗaya, sauran yara suna ta musun inda za su haɗu. Saura kaɗan in yanke kunnen mutum garin kallo."

Ban iya haƙuri ba, na tafi da kayan aikina a kafaɗa. Na ce, "Malam, jarrabawa ta ƙarato, ni kuma wasa nake gani."

Ya ce, "Injiniya mai toshe rami, ashe kai ne. Zauna, benci bai cika ba."

Yara suka kwashe da dariya. Ya sa 'yata ta karanta tambayar tankin da ƙarfi, sannan ya sa ta danne lambobin da yatsunta.

"Ba ni labarin, 'yata. Ban son jin lamba."

"Ruwa na shiga ta sama, yana fita ta ƙasa, amma mai shiga ya fi sauri."

"Me aka tambaya?"

"Lokacin da zai cika."

"Kar ki taɓa biro. In wani ya ce awa biyu fa?"

Ta ce, "Ƙarya yake yi, Malam. Ko babu rami sai ya yi awa huɗu. Ai rami ba ya taimakon famfo."

Sai a lokacin ya miƙa mata alli. Ta zana tanki, ta raba shi gida goma sha biyu. Ta ce kowace awa famfo na cika gida uku, rami na kwashe biyu, saura ɗaya, ke nan awa goma sha biyu.

Na ce, "Tsaya. Daga ina sha biyun nan ta fito? Ai babu ita a tambayar."

Ta yi min bayani, Malam ya sake yi min, wata 'yar ƙarama ma ta gwada sa'arta. Ni dai ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ƙarshe ya dafa kafaɗata ya ce, "Bar shi, Injiniya. Wadda za ta shiga ɗakin jarrabawar ta gane. Kai je ka tabbatar ta ci abinci ta yi barci."

Malam, kai ne ka fara gaya min cewa yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, tsoron dogon rubutu take yi, shi ya sa take gudu ta fake a bayan lambobi. Kai ne wanda direban motar haya ya ce ɗansa mai in'ina bai taɓa gama jimla a aji ba sai a garejinka, domin ka hana kowa ƙarasa masa magana, ko da za a kai magariba ana jira. Mai sayar da magani ta ce da ɗanta ya karye a ƙafa, kai ka riƙa bin sa har gida kana lalube da sanda, alli a aljihu, kuna zane a bayan faranti. Gatan mai rauni, ba ka taɓa ɗaga wa yaro murya don ya kuskure amsa ba. Faɗanka ɗaya ne, ga wanda ya yi saurin rubutu.

Ranar jarrabawa na tsaya a bakin ƙofa tare da sauran iyaye. Da ta fito na ce, "Yaya?" Ta ce akwai tambayoyi biyu da ba ta taɓa ba. Na ce, "Har biyu?" Ta ce, "Baba, bara duka na amsa, ai ka ga abin da ya faru." Wannan ma ban san yadda zan ɗauke shi ba, murna ko kuka. Haka na yi ta yawo da shi a rai, har na ɗaura wa wani mutum famfon ruwan zafi a wurin na sanyi.

An ɗauke ta. Makon jiya na kai ta makarantar da kaina, akwatinta a kaina, tana gaba ina biye.

Malam, na gode. Uwarta ta gode. Ba mu da abin da za mu saka maka da shi, Allah ya saka, ya ba idanunka sauƙi, ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku kuma da Allah ya ba ilimin lissafi, malamai da ɗalibai da ma'aikatan ofis da kuke zaman hira da yamma, akwai yara a layukanku da suke daskarewa a gaban takarda kamar yadda tawa ta yi, iyayensu kuma irina ne, babu abin da za su iya sai fargaba. Dattijon yana nan har ƙarshen wata. Ku je ku zauna a bayan yaran ku ga yadda yake yi, tun kafin ɗansa ya zo da mota.