Injin da Ban Riƙe wa Sale Ba

Mun tashi da asuba daga Haɗeja, ni da babban ɗana a motarsa, ko koko ban tsaya sha ba. Iyali sun ɗauka ɗokin ganin tsohon aboki ne ya hana ni karyawa. Ni kaɗai na san magana ce na ɗauko zuwa Kano, wadda ta fi shekara arba'in tana cina.

Abokin shi ne Sale Hagu. A ƙarshen shekarun saba'in muna aiki tare a wata masaƙa a Bompai, injina daura da nasa, kuma muna buga wa kamfanin ƙwallo, ni gola, shi ɗan gaba. Daga nan ya tafi babban kulob, ya buga a ƙasashen waje, ya ajiye takalmi ya zama koci, har wata ƙasa a gabashin Afirka ta damƙa masa ƙungiyarta. Ni kuwa da masaƙa ta rufe sai na koma gida noman tattasai. Makon jiya aka yi mini waya cewa ya zo ganin gida, ya ce a tara masa tsofaffin 'yan wasa.

Hanya ba laifi har Gujungu. Daga nan ramuka suka fara, ɗana yana kauce musu hagu da dama, na ce da haka Sale yake yanke 'yan baya. A Gezawa muka sayi gurasa da ƙuli. Abin da aka caje mu, a zamaninmu da ya ƙosar da mu sha ɗaya har da alƙalin wasa. Na gutsura sau biyu na ajiye.

Da muka wuce Yankaba na ce a ratsa da ni Bompai. Ƙofar masaƙarmu tana nan, amma ciki ya zama rumbun ajiye buhuna, ciyawa ta kai gwiwa. Maigadin, wani dattijo ɗan Nijar, ya bar ni na leƙa. Ba jiniya, ba ƙarar injin da a da sai ka kafa baki a kunnen mutum yake jin ka. A wurin na gaya wa ɗana abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Muna da wata al'ada a masaƙa: in uzuri ya kama mutum, maƙwabcinsa ya riƙe masa inji, ya ɗaura zaren da ya tsinke, ya buga masa kati in an tashi. Heluma, wato shugaban ma'aikata, in dai inji bai tsaya ba, ba ya tambaya. Ranar da masu zaɓen 'yan wasa na babban kulob suka zo Sharaɗa, Sale aka kira gwaji, ni ba a kira ni ba. Ya ce in riƙe masa, na ce ya tafi, ba komai. Yana fita baƙin ciki ya turnuƙe ni. Zarensa ya tsinke ina kallo, inji ya tsaya, na ƙi ɗaurawa. Da heluma ya zo, da bakina na ce masa Sale ya tafi ƙwallo. Washegari aka sallame shi.

Ɗana ya ta da mota. Muka bi ta Sharaɗa don in ga filin gwajin, muka tarar an zagaye shi da katanga, tireloli sun yi layi a inda ragar take a da. Kafin mu shiga Panshekara, unguwar su Sale, warin majemun Challawa ya tare mu, shi kam bai tsufa ba.

A ƙofar gidansu Sale an kafa rumfa. A cikin tsofaffin 'yan wasan mu bakwai muka rage, wani da sanda, wani ba haƙori. Aka kawo shinkafa da miya da zoɓo mai sanyi. Sale ya fito da furfura da ɗan ɗingishi, yana hango ni ya ɗaga murya.

"Gola! Kana nan da kunnuwan nan naka?"

Ya rungume ni har hulata ta faɗi. Ya ba mu labarin aikinsa: yadda ake ɗaga koci sama in an ci, a jefe shi da robar ruwa in an sha kashi, da yadda yake rasa wanda zai yi Hausa da shi wata da watanni. Ina ta jiran jama'a su ragu in ja shi gefe. Sai ya miƙe, ya dafa kafaɗata.

"Jama'a, kun ga wannan? Shi ya riƙe mini inji ranar gwaji. Inji biyu, shi kaɗai! Heluma ne dai Allah ya kawo. Baba ya rasu yana fushi da ni kan korar nan, bai ga ko wasana ɗaya ba. Amma duk inda na je ina gaya wa 'yan wasana, ku zama kamar Gola, ku riƙe wa ɗan'uwanku."

Aka yi ta tafi. Ɗana ya sunkuyar da kai. Sale ya miƙo mini rigar ƙungiyar ƙasar da yake horarwa, an rubuta lamba ɗaya a baya. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Bayan la'asar ya rako ni har mota, mu biyu kawai. Damar da na zo nema ke nan. Na ce, "Sale, akwai wata magana." Ya ce, "Faɗi mana, ko gona ce ke son taki?" Na dubi fuskarsa, yana ta murmushi. Na ce, "Allah ya jiƙan Baba." Ya ce amin, ya rufe mini ƙofa da hannunsa.

Mun iso Haɗeja ana kiran isha. Jikoki suna ta rububin rigar, na karɓe na sa a akwati, don ba tawa ba ce. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, neman gafara yana da lokacinsa, in ka bari ya wuce nauyinsa ƙaruwa yake yi. Da na faɗa masa a makon da abin ya faru, da mari ɗaya ya raba mu, wataƙila ma da na je na gaya wa Baba gaskiya tun yana raye.

Jibi Sale zai koma bakin aikinsa. Na san a cikin masu karanta wannan akwai mai lambar wayarsa. Ni na kasa faɗa masa ido da ido. Ku tura masa.