Gonar Kawu Ta Ɗaura Laffaya

Ana sallame asuba muka bar unguwarmu Alsahafa, ni da ɗan'uwana, muka nufi gonar kawunmu a arewacin Omdurman. Irin tabar da ya taso da shi daga yamma saura kaɗan. Sau biyu yana dashe rana tana ƙonewa, man injin ban-ruwa kuma ya yi tsadar da ba kullum ake tayar da shi ba. Idan wannan renon ya mutu, irin ya ƙare ke nan.

A kasuwar Suk al-Arabi muka kora fanken zalabiya da shayi, muka cusa kanmu cikin bas, gwiwata a haƙarƙarin wani bawan Allah har muka haye gada. A Kasuwar Libiya ta Omdurman muka tsaya sayen ledar rufe kunya don ta riƙe danshi, mai shago ya dage sai na ɗauki baƙar leda, wai ta fi araha. Na ce a ranar Omdurman ai dafa saiwar za ta yi. Muka yi ta ja har ya sauko da mai farar fuska, farashinta kuwa sai da na haɗiyi yawu.

Muka tarar Kawu ya ja kunya. Muka jiƙa ta, muka shimfiɗa ledar, muka binne gefenta, muka huda da gwangwani mai zafi. Da rana ta yi sanyi muka dasa. Sai ga maƙwabcinsa ya leƙo yana ƙyaƙyata dariya: "Ya Haj, mabruk, barka da arziki! Amarya aka kawo? Gona da laffaya!" Kawu ya ci gaba da dashensa. Ni kam raina ya ɓaci, na rantse ba zan koma gida ba sai na ga ƙarshen abin.

Kwanakin da suka biyo baya iska mai zafi ta yi ta bugawa, ba mu tayar da inji ba. Wata safiya na zura hannu ƙarƙashin ledar. Danshi! Dashen ya miƙe, har da sabon ganye. Kawu ya durƙusa yana shafa su, yana "Alhamdulillah, tamam, tamam," hawaye na bin gemunsa. Daɗi ya kashe ni.

Mun dawo Alsahafa fuska duk ta ƙone, na kuma koyi cewa dariyar maƙwabci ba ta kashe shuka, ƙishi ne ke kashewa. Ko takalmi ban cire ba Kawu ya bugo waya: maƙwabcin yana tsaye a kansa, wai a wane shago ake sayar da laffayar.