Wani Soja, In Ji Baba

Shekarar da na fara koyar da tarihi a sakandare, ina zaune tare da Baba a gidan haya a unguwar Nima, ƙofata na kallon tasa. Baba tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama, amma da ka taɓo zancen sai ya ce shayinsa zai huce. Har Inna ta rasu ba ta ji komai daga bakinsa ba. Abin yana ci mini rai, don ƙafafunsa sun fara kumbura, kuma ina tsoron ya tafi da labarin a cikinsa.

Wata rana bayan la'asar ina shirya darasi a tsakar gida, maƙwabta na dakan fufu, ya tambaye ni me nake ta gyaɗa wa kai. Na ce labarin wani Bagirke ne na zamanin da. Ya bi rundunar sojan haya zuwa ƙasar Farisa, wanda ya ɗauke su aiki ya mutu a fagen fama, aka yaudari manyansu aka kashe. Shi da ba kowa ba a rundunar, ya miƙe ya ƙarfafa wa mutane gwiwa, suka keta duwatsu cikin sanyi da yunwa har suka ga teku. Daga baya ya zauna ya rubuta duk abin da ya faru. Ina son mutumin nan ƙwarai, har ɗalibaina suna kirana matar Bagirke a bayan idona, suna zaton ban sani ba.

"Cika baki ke nan," in ji Baba. "Na yi kaza, na yi kaza."

"A'a Baba. In ya zo kan kansa ba ya cewa ni. Sunansa yake kira, kamar labarin wani yake bayarwa."

Ya daɗe yana kallon turmin fufu.

"Ana yin haka? Ba a ce ƙarya ne ba?"

Na ce ana yi.

"To kai, tashi ka kawo takarda." Haka yake ce mini, kai, irin Hausarmu ta zango da ba ruwanta da mace ko namiji.

Mako uku muka yi. Da na sauko daga trotro, motar hayarmu, zan tarar ya shimfiɗa tabarma. "Wani soja," zai fara. Wani soja ya hau jirgin ruwa ya yi ta amai har ya roƙi Allah mutuwa. Wani soja ya ɗauki akwatin harsashi a ka cikin ruwan saman da ba ya ɗaukewa, matsattsaku na shan jininsa. Wani soja ya saci gwangwanin madarar Bature, Baba ya yi dariya har da tari. Ina rubutawa ina mamaki, ashe wannan ne tsohon da nake yi wa faɗa kan shan magani.

Sai muka zo ranar kogi. Wani soja yana da aboki, Bafarafare ne a ƙabila, wanda suke cin abinci a kwano ɗaya. Aka harbi abokin a ciki. Sojan ya goya shi kwana biyu, har aka ce a haye kogi da iyo, kowa da kansa. Ya kwantar da shi a gindin bishiya, ya ajiye masa gorar ruwansa, ya ce masa zai dawo.

Baba ya shafa gwiwarsa.

"Ban koma ba," ya ce.

Na tsayar da biro. Tausayinsa ya kama ni, na nemi in ba shi hanya.

"Baba, in rubuta bai koma ba?"

"A'a. Wannan ka rubuta shi yadda na faɗa."