Shafin da Ban Rubuta Maka Ba, Baba Babagana

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairun 2025, ana kiran Azahar, Allah ya karɓi ran Malam Babagana Tela, tsohon sakataren ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Gaggafa a nan Roni, bayan kwana tara yana kwance ba baki. Da La'asar muka kai shi. Ni Ashiru, wanda garin nan ya sani da tsokana, ina cikin masu ɗaukar makara, kuma ranar ce na fara tafiya cikin jama'a ban ce wa kowa uffan ba.

Baba, kai Babarbare ne, ni Bafillace, don haka wasa ne tsakaninmu tun ranar da na fara leƙa shagonka. Na ɓoye maka almakashi ya fi sau ashirin. Na taɓa ɗaure fedar keken ɗinkinka da zare, ka yi ta taka ta kana salati. Ba ka taɓa ɗaga mini hannu ba. Ranar da na zare wayar talabijin a gidan kallon ƙwallo ana shirin buga fenariti, samari suka yo kaina, kai ka ratsa su da tsufanka ka riƙe hannuna ka ce, "Ku bar mini shi, bawana ne, gadonsa na yi." Da ba ka zo ba, da haƙorana sun ragu.

Rigunan 'yan Gaggafa duk a kekenka suka fito. Yaro ya karye a fili, kai ke tura shi a amalanke zuwa wurin mai ɗori, kuma kai ke zuwa ka fuskanci uwarsa. Amma babban abin da ka bari shi ne littafin nan: kundi goma sha uku, da ajami, tarihin ƙungiyar tun ranar da aka kafa tirken farko. Ba 'yan wasa kaɗai ka sa ba. Akwai Rahamatu mai kunun zaƙi da ba ta taɓa fashin wasa ba, akwai Abu mai ganga, akwai tsohon da ke zana layin fili da toka. Duk farkon kakar wasa sai ka tsaya a tsakiyar fili ka karanto waɗanda suka rasu, a yi musu Ƙulhuwallahu kafin a taɓa ƙwallo.

Da idonka ya mutu, 'yan boko suka juya kundin sama da ƙasa suka ajiye, don ba sa karanta ajami. Ni kuwa allo kaɗai na yi, don haka ka ce ni zan riƙe maka alƙalami. Kana faɗa, ina rubutawa. A nan ne na ci amanarka, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

Duk mutumin Roni ya san Baba Mamuda, mai sayar da rake a bakin kasuwa. A shekarar 1993 shi ne ɗan wasan gaban Gaggafa. Ranar wasan ƙarshe a Kazaure da wata ƙungiya daga Babura, Mamuda bai shiga fili ba, aka ci mu biyu da nema. Mahaifiyarsa 'yar Babura ce, sai aka ce ƙin bugawa da kawunnansa ya yi. Aka yi wa gidansu ruwan duwatsu. Bai sake saka takalmin ƙwallo ba. Har gobe "Ɗan Babura" ake kiransa, ni ma na sha kiransa haka in ruga a guje.

Ranar Asabar da hantsi, ana gobe za ka faɗi, ka ce in buɗe sabon shafi. Ni kuwa shaiɗanin wasa ya taso mini. Ka fara magana, na fara rubuta cewa yau Babarbare ya cinye tuwo malmala huɗu yana kukan ba shi da lafiya. Nufina in ba wani ya karanta maka mu yi dariya. Sai da na kai rabin shafi na ji abin da kake faɗa.

Ka ce katin Mamuda na shiga wasa a aljihun rigarka ka manta shi, aka wanke rigar, hoton ya saɓule. Alƙalan wasa suka ƙi karɓa. Ka ji tsoron magoya baya, ka ja Mamuda bayan mota, ka roƙe shi ya rantse da Alƙur'ani ba zai faɗa ba. Ya rantse. Ya ɗauki jifan da kai ya kamata a yi wa. Ka ce ka sauke masa rantsuwar, kuma a karanta wannan shafi a tsakiyar fili.

Kunya ta hana ni tsayar da kai. Na ci gaba da jan alƙalami a iska.

"Bawana, ka rubuta?"

"Tsaf, Baba."

"Karanto mini."

Na maido maka da ka, kalma bayan kalma, yadda muke ba da hadda. Ka lalubo shafin ka dafa shi da tafin hannunka, a kan zancen tuwo, ka ce, "Alhamdulillahi. Na sauke." Na ce a raina gobe da sassafe zan gyara, in kawo ka sa hannu. Da sassafen aka ce ka faɗi a wurin alwala.

Ranar sadakar uku na faɗa wa ɗanka Musaddiƙ wasiyyarka a kan Mamuda a gaban dattawa. Wani ya ce, "Ashiru, ko a makoki ma ba za ka bari ba?" Musaddiƙ bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Nuna mini inda ya rubuta." Na riƙe kundin na kasa buɗewa. Ranar na gane abin da shekarun tsokana suka saya mini: gaskiya ɗaya tak nake da ita, kuma ba mai karɓa daga bakina.

Ina fita aka ce Ya Kura, matarka, tana kira. Tana cikin takaba, ta yi magana daga bayan labule, Musaddiƙ yana tsaye a bayana. Ta ce, "Rigar shuɗiya ce. Ni na wanke ta, ni na tsinci takardar ta zama dusa. Musaddiƙ, ba shi alƙalami."

Na rubuta shafin, Baba, a ƙarƙashin zancen tuwon. Ban yage nawa ba. Na bar shi ya zauna a tarihin Gaggafa ya zama shaida a kaina. Na kai wa Baba Mamuda, na durƙusa na karanta masa. Bai daina feren rakensa ba har na gama. Sannan ya ce, "Shekara talatin da biyu. Mahaifiyata ta rasu tana tsammanin saboda ita aka jefe mu." Ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Na yafe masa. Tashi."

Allah ya jiƙan ka, Baba Babagana. Allah ya karɓi niyyarka, kada ya kama ka da jinkirin da hannuna ya jawo. Ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ya Kura, da Musaddiƙ, da 'yarka Zulaikha, da dukan mutanen Gaggafa, Allah ya ba mu haƙurin rashi. Idan kakar wasa ta kama, ni zan tsaya a tsakiyar fili in karanta sunanka cikin mamata, sannan in karanta shafin. Na roƙi Baba Mamuda ya tsaya a gefena, don a yarda. Bai ce zai zo ba tukuna.