Hancin Kunkurun Yaya Usman

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da hantsi ina kan keken ɗinki Idris ya kira ni. Ya ce sun tarar da yayansa Usman a daidai inda takardar da ya bari ta ce, amma ba da rai ba.

Daga kafe ɗin intanet da ke kusa da shagona nake wannan rubutu, kuma ban iya buga haruffa da sauri ba, ku yi haƙuri da ni.

Kafin in ce komai a kansa, ina roƙon duk wanda ke Badar, ko yake da wani a Badar, ya karanta har ƙarshe. Akwai mutum biyu da nake nema kafin rana ta faɗi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Haruna mai ɗinkin kujerun mota da tamfol a unguwar Sultana, nan birnin Manzon Allah. Yaya Usman makanike ne, warsharsa, wato garejinsa, tana bayan layinmu. Ɗan ƙasa ne, a unguwar Harra ta Gabas aka haife shi, amma kakansa daga Katsina ya taso da ƙafa. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, rabinta Larabci.

Lokacin da na zo garin nan ban san kowa ba. Shi ya raka ni wajen kafilina, wanda ya tsaya mini na shigo ƙasar, ranar da maganar iƙamata, takardar izinin zama, ta cuɗe, ya zauna ya yi ta magana a madadina har aka daidaita. Da muka fito na fara godiya, sai ya ce, "Halas, ya isa. Zo mu ci waken ful."

Ya san ina rubuta abin da ya faru kullum a littafi. Shi ya sa mini suna Akawu. In ya shigo shago sai ya ce, "Ya Akawu, rubuta. Yau Usman ya sha shayi kofi uku, bai gode wa kowa ba."

Duk wanda ya san shi ya san Kunkuru.

Tsohon wanet ne, a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Shekara biyu ya yi yana gina masa ɗaki a baya da hannunsa. In yana tafiya, akwati ne kawai a rufe, bai fi rufin wajen direba tsawo ba. In ya isa inda za shi, sai ya kwance ƙugiya huɗu, ya tura rufin sama da kafaɗa, ɗaki ya miƙe. Bangon tamfol ne, ni na ɗinka.

Wai don me Kunkuru? "Yana ɗauke da gidansa, kuma ba ya gaggawa."

Babu abin da ke yawo a cikin ɗakin nan. Tankin ruwa a ƙarƙashin gado. Shebur da faranti biyu na ƙarfe a ɗaure a gefe, saboda in yashi ya riƙe taya. Tayar safaya biyu, domin baƙaƙen duwatsun dajin da ake kira harra yanka suke kamar wuƙa. Batir na biyu don fitila. Har butar alwala da ramin da ya yanka mata daidai gindinta.

Da kasko, wanda ya yi da tsohon wilin mota. A kansa yake dafa shayi. Ya ce shayin gas shayin asibiti ne.

Shekarar da mahaifiyata ta rasu a gida ban samu zuwa ba. Kwana uku ina zaune a shago ina ɗinki ina warwarewa. Rana ta huɗu ya tsaya a ƙofa ya danna ham. "Yalla, rufe." Muka fita bayan gari har hanya ta ƙare, ya rage wa tayoyi iska, muka shiga yashi. Ya ɗaga rufin, ya shimfiɗa mini darduma a ciki, ya ce zai je neman itace.

A wurin babu bishiya ko ɗaya.

Sai da La'asar ya dawo, hannunsa babu komai. Bai tambaye ni me ya sa idona ya kumbura ba.

Irin mutumin da aka rasa ke nan.

Yana da ƙa'ida biyu da ba ya wasa da su. Ta farko, ba ya fita sai ya bar mini takarda: inda za shi, ta inda zai bi, ranar dawowa. Kuma kafin ya tashi ina karanta masa jerin kaya yana amsawa. Ta biyu, garwashi ba ya kwana a ciki. Ko yaushe yana faɗa, "Hayaƙin da ake gani ba shi ne abin tsoro ba. Wanda ba a gani shi ke kwantar da mutum."

Saboda haka ne tun tamfol na farko ya sa na yanka wata 'yar kafa a sama, ta wajen kai, faɗin tafin hannu, na sa mata raga. Ba ta da murfi. Ya kira ta hanci. "Ɗakin da ba hanci kabari ne, ya Akawu."

Yanzu ga abin da ya hana ni zama.

Farkon sanyin bana tsohon tamfol ya tsage, na ɗinka masa sabo mai kauri. Na sha jin yana ƙorafin cewa iska na shigowa ta hancin tana bugun wuyansa, ya wayi gari ba ya iya waiwaye. Bai ce in yi komai a kai ba. Ni ne na ga kyautatawa ce, na ɗinka wa hancin murfi, na sa masa ƙaramin zif.

Da ya gani ya tsaya yana kallo. "Akawu, takunkumi ka yi wa Kunkuru?"

Na ce ai don wuyanka ne, Yaya.

Ya yi dariya, ya ja zif ɗin sama da ƙasa. "Aiki ya yi kyau, ma sha Allah. Zan bar shi a buɗe."

Na koma na duba littafi yau. Abin da na rubuta a ranar shi ne, "Yaya Usman ya yaba murfin." Ban rubuta cewa ya tsaya yana kallo ba. Amma na tuna ya tsaya.

Litinin da safe ya biyo ta shago zai tafi gabas, can cikin harra. Ya ajiye takarda a kan keke. Na ɗauko jerin, muka yi kamar kullum.

"Ruwa?"

"Cike."

"Mai?"

"Jarka biyu."

"Safaya?"

"Biyu, da ni na uku."

"Maganin hawan jini?"

"Kai ne hawan jinina."

Muka kai ƙarshen jeri. Babu hanci a ciki. Shekaru da suka wuce na rubuta jerin nan, lokacin hanci ba shi da murfi, babu abin tambaya a kansa. Na ƙara murfi a tamfol, ban ƙara layi a takarda ba. Rufin kuma a sauke yake, tamfol a naɗe a ciki, ba abin da ido zai gani ya tuna mini.

Ya tada mota, ya leƙo ta taga. "In na wuce Magaribar Laraba, kada ka tsaya shawara da littafinka. Kai wa Idris takardar."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Jiya Magariba ta yi bai dawo ba. Na kai takardar. Amma ba zan ɓoye ba, sai da na tsaya a ƙofar Idris ina tunanin ko taya ce kawai ta fashe, ko zan tayar wa mutane da hankali a banza. Yau da sassafe suka bi hanyar da ya zana.

Da Idris ya kira, na tambaye shi yadda suka same shi.

Ya ce, "Komai na wurinsa, ya Haruna. Takalmansa a gindin tsani. Kofuna a wanke a kife. Kamar barci yake."

Na ce, "Kaskon fa?"

Ya ce, "Yana ciki. Toka ce kawai."

"Hancin fa?"

"Wane hanci?"

Na yi masa bayani. Ya ce wallahi bai duba ba, hankalinsa ba ya nan. Tagogi dai duk a zuge suke. An riga an sauke rufin, motar tana hannun 'yan sanda, likita kuma bai ce komai ba tukuna.

To ban sani ba. Wataƙila zuciyarsa ce. Wataƙila hancin a buɗe yake. Ban san abin da zai sa mutumin da ya koya mana kada garwashi ya kwana a ciki ya shigar da shi ba, sai dai duk mun ji irin sanyin da aka yi makon nan, mu da muke cikin gini ma.

Babu wanda ya zarge ni. Idris cewa ya yi, "Muƙaddar ne, kwana ya ƙare." Na yi imani da haka.

Amma irin wannan tamfol biyu na ɗinka a bana.

Na biyun na Bakur ne, mijin Halima, ƙanwar Yaya Usman. Ya daɗe yana sha'awar Kunkuru, watan jiya ya gama nasa, komai a kwaikwaye. Yaya Usman ya yi masa kasko irin nasa kyauta. Ni kuma na ɗinka masa tamfol iri ɗaya, da hanci, da murfi.

Ina da wata ɗabi'a da duk masu kawo mini aiki suka sani. Ba na ba da aiki sai kowane zif yana rufe, don a ga layin ya zauna daidai.

Na buɗe shafin ranar da ya karɓa na karanta ya fi sau goma. "Asabar. Bakur ya karɓi tamfol. Zif duka suna aiki. Na nuna masa yadda ake naɗewa." Shi ke nan. Ko na gaya masa amfanin 'yar kafar nan? Wani lokaci sai in ji kamar na faɗa, har ina jin muryata. Sai kuma in ga kamar da Yaya Usman ne na yi maganar. Abin da ban rubuta ba, ba na yarda da kaina a kansa.

Bakur ba ya barin takarda. Na taɓa yi masa tayi, ya amsa mini da Larabci yana dariya, wai shi ba ɗan makaranta ba ne da zai nemi izinin fita.

Jiya bayan Azahar suka tafi shi da Halima, kafin kowa ya san akwai matsala. Abin da ya gaya wa mahaifiyarsa kawai shi ne wajen Badar za su, bayan tuddan yashi, sai Asabar. Wayoyinsu duka biyu ba sa shiga. Can babu sabis.

Halima ba ta jure sanyi. Ko a gida, da an ɗan yi iska za ka ga kasko a gaban ƙafarta.

Sun riga sun kwana ɗaya.

Ba su san Yaya Usman ya rasu ba.

Mota biyu ta 'yan'uwa ta kama hanyar Badar tun ɗazu. Amma yashin can ba unguwa ba ce da za a yi sallama gida gida. Ni ban iya tuƙi a yashi ba, in na bi su kaya zan zama. Na ba su almakashina don yanke murfin. Abin da ya rage mini shi ne wannan rubutu.

Don Allah, masu gonakin dabino, masu gidan mai a hanya, direbobin tankar ruwa, masu kai wa makiyayan raƙuma abinci, da duk mai ɗan'uwa a cikinsu. Farin wanet ne, akwatin bayansa ruwan ƙasa, in an ɗaga rufin tamfol ɗin kore ne, da jajayen jarkoki biyu a ɗaure a baya. Bakur dogo ne, yana sa tabarau.

In kun gan shi ku gaya masa Haruna mai ɗinki ya ce kada garwashi ya shiga ɗakin nan, ko ya ga kamar wutar ta mutu. Ku ce ya duba sama ta wajen kai, akwai ƙaramin zif. Kada ma ya tsaya buɗewa. Ya sa wuƙa ya yanke murfin ya jefar.

Sannan ku ce Idris na nemansu a gida yanzu. Kada ku faɗa wa Halima rasuwar a can. Ku bari ta iso cikin 'yan'uwanta.

Wanda ya samu labari ya rubuta a ƙarƙashin nan, ko ya aiko shago. Ba zan rufe ba.

Za a sanar da lokacin jana'iza in an ba da gawa. Ya sha faɗa cewa kakansa ya yi tafiyar shekaru don ya kwanta a maƙabartar Baƙi'a, shi kuwa a kusa aka haife shi, ba shi da uzuri.

Ya Allah, ga bawanKa Usman ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka buɗe masa ƙofa zuwa Aljanna iskarta ta riƙa shigo masa. Yadda ya ba ni wurin kuka ranar da ba ni da shi, Ka ba shi masauki mafi alheri. Ka ba iyalansa haƙuri. In hannuna na cikin abin da ya same shi, Ka yafe mini, Ka sa shi ma ya yafe.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ce.

Kuma ku haɗa da Bakur da Halima. An kira La'asar yanzu, inuwa ta riga ta haye titi. In ba a same su kafin duhu ba, ku taya ni roƙon abu ɗaya.

Allah Ya sa gawayinsu ya ƙi kamawa.