Ragon Sa'alaba da Jirgin Suwais

Gadarif zuwa Bor Sudan

Mun bar gida ƙarfe huɗu da rabi na asubar Litinin: ni, da yayata Hajara wadda yanar ido ta makantar shekara uku, da mijinta Alhaji Bawa. Alƙahira muka nufa, inda likita ya sa mata ranar aiki ya ce in ta wuce sai baɗi. Jirgin ƙasa ya ɗaga ƙarfe shida. Alhaji ya shige shi da gudu, don ya tsaya gaida wani mahauci. A Kasala ma haka, takalminsa ɗaya na can har yau. Mun isa Bor Sudan Talata da la'asar, muka kama ɗaki girshi goma, muka ci wake da kisira, gurasar dawa ta Sudan.

Jidda

Laraba da azahar muka shiga jirgin ruwa, Alhamis ƙarfe takwas na safe ya tsaya Jidda. Aka karɓe fasfo, aka ba mu takardar sauka, aka ce ƙarfe uku za a janye tsani, ba a jiran kowa. Alhaji ya ce sai ya gaida ɗan'uwansa Malam Isa. Kafin mu sauka Yaya ta kira shi ta gyara masa riga, ta daɗe tana shafa ƙirjin rigar. Ita muka bar ta cikin jirgi.

Riyal biyu direba ya kai mu unguwar Sa'alaba. Malam Isa, haifaffen Jidda, ya rungume mu, kafin mu zauna har an kayar da rago. Gabana ya faɗi, don na san ba a yanka wa baƙo ya tafi bai ci ba. Aka yi gahawa, aka yi shayi, aka bi matattun Gadarif ɗaya bayan ɗaya da addu'a. Ƙarfe ɗaya da rabi shinkafa ba ta hau wuta ba. Na ce mu tashi.

"Wallahi ma tamshi, ba za ka tafi ba," in ji Malam Isa. "Halas, magana ta ƙare, na rantse. Za ka sa ni kaffara?"

Alhaji ya gyara zama ya ce jirgi ai ba ya barin dattijo. Na tuna masa takardun likita na aljihunsa. Ya ce in daina rawar kai a gidan mutane. Ƙarfe biyu na ɗauki takalmina na fita ba sallama, ina jin ana tambayar ɗan gidan waye wannan. Kunya ta kama ni, amma ban waiwaya ba.

Ƙarfe uku aka janye tsani. Fasinjoji suka cika baranda suna kallon masu latti: wani Bamisire ya zo da fanka a ka aka ɗaga shi da igiya, aka yi masa tafi. Alhaji shiru. Aka miƙa fasfonsa ga 'yan sandan tasha, jirgi ya yi kuka sau uku. Na je wurin Yaya na ce mun rasa Alhaji, mun rasa takardu. Ta sa hannu cikin zanenta ta miƙo mini ambulan.

"Sale, shekara talatin ina zaune da shi. Da ka ga ina gyara riga, me kake tsammani?"

Suwais da Alƙahira

Kwana biyu muka yi a ruwa, awa uku a jirgin ƙasa. An yi aikin ranar Talata. Bayan mako aka kwance bandeji, Yaya ta dube ni ta ce na yi furfura ban gaya mata ba. Na yi kuka ba kunya.

Komowa

Kwana ashirin da barinmu Jidda, jirgi ya sake tsayawa can. Wakilin jirgi ya ce Malam Isa ya tsaya wa Alhaji kafili, wato ya lamunce shi wurin hukuma, kuma an aika musu tun jiya cewa ƙarfe uku ne. Ban sauka ba. Uku ta yi, aka janye tsani. Ina cizon yatsa sai Yaya ta nuna wani kwalekwale can nesa, wanda ni ban ma hango ba. Alhaji ne a tsaye ciki yana ɗaga hula, ƙunshin nama a hammata. An yi masa ragon bankwana.

Da igiya aka jawo shi kamar buhun gero, rigarsa ta naɗe a wuya, jama'a na tafi. Ya faɗo gabanta yana haki yana tambaya ko ido ya buɗe. Ta ƙare masa kallo daga hula har ƙafa.

"Ya buɗe, Alhaji. Shekara uku ban gan ka ba. Ashe ban yi asarar komai ba."

Mun iso Gadarif Lahadi ƙarfe biyar na yamma. Na gode wa Allah, na gode wa likita da matuƙan da suka ja igiya. Malam Isa kuwa, har yau ban san ɗanɗanon ragonsa ba.