Rariyar Gidanmu na Borokiri

A gidan hayar da muka zauna a Borokiri, ɗakina ne na ƙarshe, can gangare, dab da rariyar da ruwan kowa ke bi ya fita zuwa kwatar titi. Mai wanki da mai wanke-wanke, duk ta ƙofata ruwansu ke wucewa. Saboda haka da rariyar ta toshe, a wata damina irin ta Fatakwal da sama ba ta gajiya, ni na fara sani. Na fito da safe zan hura wutar waina, na tarar da silifas ɗin yarana suna yawo a kan wani baƙin ruwa mai kumfa.

Maigidana ya tafi arewa sarin albasa. Na kira shi a waya, ya ce in yi haƙuri ya kusa dawowa, sai ka ce ruwan zai ji ya dakata. Wakilin mai gidan haya kuwa ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya tattare ƙafar wandonsa, ya ce zai turo mai gyara. Har muka bar gidan ban ga fuskar mai gyaran nan ba.

Maƙwabciyata, wata 'yar ƙabilar Ijo mai sayar da kifi, ta ce ƙullun wainata ne ya daskare a ciki. Na ce ɓawon kifinta ne da take kankarewa a bakin famfo. Muka yi ta, ita da Turancin buroka zalla, ni rabi buroka rabi Hausa, ruwa kuma na ta hawa dokin ƙofata. Da na ga cacar baki ba za ta janye shi ba, sai na ɗaure zane tamau, na sa hannuwana cikin leda.

Na fara da tafasasshen ruwa da kanwa. Abin da na samu kawai shi ne wari ya tashi ya cika gidan. Na zura tsohuwar muciya, ta yi gajarta. Na kwance wayar shanya, na lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, na shiga jawo abubuwa: ledojin ruwa, soson wanka, da wani damin gashin doki na kitso wanda babu matar da ta yarda nata ne. Ruwa bai motsa ba.

Akwai wani dattijo Basakkwace a ɗakin farko, mai gadin shaguna ne, da rana yana gida. Ya jawo benci ya zauna inda ruwa bai kai ba.

"'Yar nan, waya ba ta wannan aiki," in ji shi. "Ga rodi can bayan ƙyaurena, ɗauko ki soka da ƙarfi."

"Baba, ba zai fasa wani abu ba?"

"Me zai fasa? Siminti ne."

Na soka da ƙarfi kamar yadda ya ce. Na ji wani abu ya ce ƙas, sai ga farin ruwa ya yi tsiri ya doke ni a fuska. Ashe bututun roba da ke kawo ruwa daga tanki zuwa famfo ta gefen rariyar aka bi da shi, aka ɗan shafa siminti a kai. Baba ya leƙo daga kan bencinsa ya ce, "Ashe nan suka bi da shi." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na ce a rufe ruwan daga tanki. Aka ce makunnin yana cikin keji, an sa kwaɗo, mabuɗin yana hannun wakili, wakili kuma ya daina ɗaukar waya. Na durƙusa cikin ƙazanta na danne hujin da babban yatsa, mutanen gida sun kewaye ni, kowa na faɗin yadda tanki zai ƙare. Ba wanda ya sunkuya.

Mai kifin nan ce ta shiga ɗakinta, ta fito da robar tsohuwar taya wadda take ɗaure daron kifi da ita. Ta tsaga ta da wuƙa, ta ce, "Madam, ɗaga hannu." Ita tana ja, ni ina naɗewa, ruwa na feshin mu. Naɗin farko ya zame. Na biyu muka goge bututun da tsumma gwargwadon iko, muka ja robar har yatsuna suka yi fari, na ɗaure bakin da guntun wayar shanya. Ruwan ya koma ɗiga, daga baya ya tsaya.

Rariya kuwa tana nan a toshe. Raina ya riga ya gama ɓaci, na cire ledar, na kwanta a gefe ɗaya na zura hannu har kafaɗa. Yatsuna suka taɓa wani abu mai kaifi. Gwangwanin tumatir ne ya gitta a makwararar, tsumma ya naɗe shi. Da na fizgo shi, ruwan ya tafi da wani irin gurnani, ya bar mini baƙin taɓo tun daga ƙofa har bakin murhu. Ni na share, ni na wanke.

Ranar ban soya waina ba, washegari ma haka, don duk sabulu da lemun tsamin da na goga, in na kai hannu hanci sai in ji kwata. Gwangwanin ya yanke ni a yatsa, sai da na je kemis aka wanke aka yi mini allura.

Da maigidana ya dawo, ya tsuguna ya daɗe yana duban ɗaurin, ya taɓa shi da ɗan yatsa.

"Ai da kin jira ni," ya ce. "Ba haka ake ɗaure shi ba."

Na ce ga sauran robar can a kan taga, bismilla. Ya ce bari ya huta gajiyar hanya tukuna.